Ranar da Wuyan Raƙumi Ya Ƙage

Ba don tsawo ake kiransa Raƙumin-dawa ba, domin in aka jera shi da sa'o'insa sai an leƙa ake ganinsa. Wuya ne da shi, kuma ya san amfaninsa. Tun shekararsa ta farko a jami'a aka gane cewa yana iya zama a kan benci ranar jarrabawa, kafaɗa ba ta motsa ba, ƙugu bai motsa ba, amma ya karance takardar wanda ke nesa da shi har da waƙafi. Abokai suka laƙaba masa sunan, daga baya suka gaji da tsawonsa suka bar shi a Raƙumi kawai. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake yi kowa da inda Allah ya ajiye masa baiwarsa, wani a ka, wani a wuya.

In ba lokacin jarrabawa ba, aikin wuyan nan ɗaya ne, ya lanƙwashe a kan waya. A haka Raƙumi yake cin abinci, a haka yake tsallaka titi direbobi suna zagin iyayensa, a haka yake zama a lakca da wayar a kan cinya, malami yana tsammanin rubutu yake yi. Ko banɗaki zai shiga, ya fi yarda ya manta buta da ya manta waya. Sannu a hankali kansa ya zarce gaba, har ya zama kan ne ke fara shiga ɗaki kafin gangar jiki ta biyo baya. Wani ɗan tudu ya fito masa a ƙeya, tsakanin kafaɗunsa kullum kamar an ɗora masa bulo, babban yatsansa na dama kuma yakan yi ƙara in ya tanƙwara shi. Rabin ajinsu haka suke, don haka ba wanda ya ɗauke shi ciwo.

A gida sunansa Auta, kuma a gida shi babban malami ne. Mama tela ce, kekenta na ɗinki yana falo daidai ƙofar ɗakinsa, duk matar da ta kawo ɗinki sai ta hango shi a ciki, kai a sunkuye, fuska tana haske. Mama takan cire fil daga bakinta ta ce a yi magana a hankali, yaro yana karatu. In an tambayi abin da ya sami wuyansa, sai ta ce karatu ne ya lanƙwasa mata shi, ai haka masu ilimi suke, kan ne yake yin nauyi. Matan su yi ta sa albarka. Da yamma ta kira shi ya zauna a ƙasa a gabanta, ta lakato man zafi daga gwangwani ta murza masa wuya da yatsun nan nata da almakashi ya yi wa kanta, tana cewa sannu, sannu, ilimi wahala ne. Shi kuma ya lumshe ido ya karɓi sannun, alhali abin da ya wuni yana yi shi ne musu da wani ƙato da bai taɓa gani ba a kan fenaretin da aka bayar a wasan ƙwallon jiya. Kunya takan ɗan taɓa shi a lokacin, amma man zafin ya fi ta ratsa jiki.

Yayarsa, wadda take aiki a kemis a bakin titi, ita ba ta taɓa sayen wannan labari ba. Takan ce da latsa waya digiri ne, da tuni Auta ya zama farfesa. Mama ta ce mata hassada ga mai rabo taki ce, ta wuce ta ba mutane wuri.

Abin da ba a sani ba a gidan shi ne, Auta ya kamata ya gama makaranta tun bara. Wani kwas ne ya riƙe masa ƙafa, na lissafin ƙididdiga. A karo na farko an zaunar da shi a jikin bango, ɗaya gefen kuma hanya ce, wuya ya miƙa ya miƙa bai samo komai ba. A karo na biyu ya dace da maƙwabci mai gilashi da fuskar masana, ya kwafe shi tsaf. Sai da sakamako ya fito aka gane cewa mai gilashin ma Raƙumi yake kwafa. Duk wanda ya gaji da jira a cikinsu sai ya rubuta shirme don kada a gan shi zaune, ɗayan kuma ya kwashe da godiya. Dokar jami'ar kuwa ba ta da kwana-kwana: wanda ya faɗi kwas ɗaya karo na uku, ya tattara ya kama gabansa. Wanda aka kama da satar amsa ma ba a jira ya faɗi.

A gida ya ce an riƙe shi ne ya ƙarasa wani bincike, saboda malamai ba sa son rabuwa da shi. Mama ta baza wannan ma. Sannan ta yi abin da ya tsinka masa zuciya: ta sayo yadi mai kyau, ta gwada shi, ta ɗinka masa rigar da zai sa ranar yaye ɗalibai, ta rataye ta a ƙofar kwabarsa cikin leda. Kullum ya buɗe ido ita yake fara gani. Tsoro ya kama shi na gaske, irin wanda ke hana abinci wucewa, domin ya san ba korar ce za ta kashe shi ba, ranar da za a cire rigar nan daga leda a rasa inda za a sa ta ce.

Sai Raƙumi ya tuba. Ya yanke shawarar yin abin da bai taɓa gwadawa ba tun da ya shiga jami'a, wato karatu.

To amma da me? Littafi dai ba wanda ya saya a ajin. Abin da ake da shi hotunan handawut ne, wato takardun darasin malam, da wani bawan Allah ya ɗauka da waya ya zuba a zauren hirar ajin na waya, kuma da gani a guje ya ɗauka. Kowane shafi a karkace yake, a kwance ta gefe, ga babban yatsan mai ɗaukar a kusurwa da baƙin farce. In Raƙumi ya juya wayar don rubutun ya miƙe, sai hoton ma ya juya ya koma yadda yake, kamar da gayya. Akwai yadda ake hana waya wannan iskanci, amma mutumin da ya san sunan kowane ɗan ƙwallo a duniya bai taɓa neman sanin wannan ba. Ya ga ya fi sauƙi ya bar wayar a yadda take ya juya wuyansa. Ga shi batirin ya tsufa, ba ya rayuwa sai a jikin caja, cajar gajera ce, soket ɗin da ke aiki kuma guda ɗaya ne, can ƙasa a bayan kwaba ta hannun dama da katifa. Don haka ya yi makonni a kife, ruf da ciki, kai a murɗe ta dama, yana haddace dabarun lissafi. Abin mamaki, wasu har sun fara zama.

Ranar jarrabawa ya tashi da asuba wuyan yana masa tsami, ya ce zai saki. Ya yi alwala ya ta da salla. Da ya zo sallama ya juya dama, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan kunnensa. Ya nemi juyawa hagu, wuya ya ce bai san wannan zance ba. Ya sake gwadawa, wani zafi ya tsarga masa daga ƙeya har cikin haƙora. Nan ya zauna a kan darduma, fuska tana kallon kwaba da rigar da ke rataye, gangar jiki tana kallon gabas.

Mama ta rikice, ta ce sanƙarau ne, a nemo mota. Yaya ta taɓa goshinsa, ta sa ya buɗe baki, ta ce babu zazzaɓi, ƙagewa ce kawai, jijiya ce ta gaji da zalunci ta yi yaji. Ta ƙara da cewa abin tausayin ma mala'ikan hagu ne, wanda ya fi kowa shan aiki a kan Auta, ga shi yau ko sallama bai samu ba. Mama ta jefe ta da silifa. Aka ba shi ƙwayoyi, aka gasa wurin da tawul mai zafi, Mama ta kusa ƙarar da gwangwanin man zafi, wuya yana nan inda yake. Yaya ta ce a tafi asibiti. Ya ce jarrabawar binciken ce yau, ba a ɗaga ta, ya saɓa jakarsa ya fita a kaikaice kamar ƙaguwa.

A cikin bas aka matse shi kusa da wani ƙaton mutum mai gashin baki, fuskarsa daidai kunnen mutumin. Tun ana tafiya mutumin yana haƙuri, har ya juyo ya tambaye shi ko ya san shi ne a wani wuri. Raƙumi ya ce a'a, wuyansa ne. Mutumin ya ce to ya kai wuyan nasa wani wurin, shi ba ya son a riƙa yi masa numfashi a kunne da warin man zafi.

Ɗakin jarrabawar yana hawa na sama, dogayen bencina ne a jere, ana cusa ɗalibai kafaɗa da kafaɗa bisa lambar kowa. Mai tsaron ranar kuwa Malam Fanka ne. Wannan malami ya yi shekaru ba ya iya waiwaye. In zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗayansa, da ƙananan taku, hannuwa a manne da jiki, daga wannan bango zuwa wancan, sannan ya dawo, daidai yadda fankar tsaye take yi. Ɗalibai sun daɗe da gina sana'arsu a kan wannan. In fanka ta fuskanci dama, mutanen hagu su yi girbi, in ta fara dawowa wani ya yi tari, kowa ya sunkuya. A wannan gona Raƙumi ya yi suna. Malam Fanka ya san labarinsa sarai, ya daɗe yana haƙonsa, amma kafin ya gama juyowa kullum sai ya tarar da yaro yana rubutu kamar waliyyi.

Raƙumi ya yi niyyar yin abin hankali. A bakin ƙofa ya tsaya ta gefe don fuskarsa ta sami Malam, ya fara bayanin cewa yana roƙon a sauya masa wurin zama saboda lalura. Malam yana zaune, kansa a kan tasa wayar, bai ko ɗago ba. Ya ce kowa da lambarsa kowa da bencinsa, ya ji irin wannan waƙa ta fi a ƙirga, a ajiye jaka da waya a gaban allo a wuce.

Ya bi lambarsa ya zauna. Da ya ga wadda ke hannun damansa sai da ya kusa yin dariya don takaici. Ƙamus ce, wata 'yar siririyar yarinya daga ajin ƙannensa da yake maimaita kwas ɗin tare da su, wadda aka ce malamai ma in sun yi kuskure a allo ita suke kallo. Shekara da shekaru yana addu'ar irin wannan maƙwabtaka bai samu ba, sai yau da ya tuba, kuma aka kawo masa ita daidai inda fuskarsa ta kafe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Yarinyar ta ɗago ta ga idanu biyu a kan takardarta tun ba a raba tambayoyi ba, ta jawo hannu ta kare. Ya yi ƙasa da murya ya ce ta yi haƙuri, wuyansa ne.

"Na sani," in ji ta. "Duk makarantar nan an san wuyanka."

Aka raba takardu. Ya jawo tasa can gefen dama iyakar inda benci ya ba shi, ya karkata jiki har gwiwarsa tana zungurin na hagunsa, ya murɗa idanu ƙasa har suna ruwa. A haka ya karanta tambaya ta farko, gabansa ya faɗi, don ya gane ta. Bai taɓa gane tambaya a ɗakin jarrabawa ba. Ya bi ta daki-daki, ya latsa kalkuleta, amsa ta fito, ya rubuta ya ja mata layi biyu. Daidai lokacin Ƙamus ta ɗaga hannunta don ta ɗauki abin goge rubutu. Shi ya tuba, amma ba a sanar da idonsa ba. Kafin ya runtse, idon ya riga ya haɗiye amsarta ta farko, kuma ba irin tasa ba ce.

Wani ya yi tari. Duk kawunan ɗakin suka sunkuya, sai guda ɗaya. Malam Fanka ya gama juyowa ya tarar da abin da ya yi shekaru yana mafarki: Raƙumi, fuska a kan takardar maƙwabciya, ƙiri-ƙiri, ko kunyar ɓoyewa babu. Ya tako a hankali, yana jin daɗin kowane taku, ya ɗora hannu a kan takardar.

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji shi. "Tashi."

"Malam, wallahi wuyana ne ya ƙage. Tun asuba yake a haka."

"Kuma duk faɗin duniyar nan bai tashi ƙagewa ba sai ta wajen Ƙamus."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Raƙumi ya rantse, ya ce a shinshina man zafi, ya ce wannan karon ya yi karatu. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ba mutane dariya, har da waɗanda ba su san shi ba sai a labari. Malam ya ce tuban muzuru ke nan. Takardar tana hannun Malam, in ya fita da ita daga ɗakin nan an gama, kuma babu mahaluki ɗaya a jami'ar da zai tsaya ya ce wuyan Raƙumi ba ya ƙarya. Abin da ya fi ci masa rai, yau ce rana ta farko da yake da gaskiya, ga shi bai san yadda ake riƙe ta ba.

Malam Fanka mugu ne, amma ba azzalumi ba ne, kuma yana son a ce ya kama mutum da hujja. Ya tambayi wace ce jakarsa, ya je ya zaro wayar, ya nufi tagar da ke hannun hagu. Ya ce shi a aikin nan ya ga ɗalibin da aka ce masa gini ya kama wuta bai waiga ba, amma bai taɓa ganin wanda aka taɓa wayarsa bai waiga ba.

"Wayarka tana waje," ya ce. "Da yatsa biyu na riƙe ta, kuma hannuna gumi yake yi."

Ɗakin ya ja numfashi gaba ɗaya, domin kowa ya ji abin a jikinsa. Raƙumi bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya fizgi kansa zuwa hagu. Zafin da ya ji sai da ya ga taurari, wuya kuwa ko gezau. Sai ya miƙe tsaye, hannuwa a manne da jiki, ya fara juyawa da ƙananan taku, kaɗan-kaɗan, gaba ɗayansa, har ƙirjinsa ya koma kallon bayan aji kafin fuskarsa ta sami taga. Can daga bencin baya wata murya ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Fanka ta haihu."

Ɗakin ya fashe. Har Ƙamus sai da ta kifa kai a kan benci. Malam ya daɗe da sanin sunan da ake kiransa, amma bai taɓa ganin abin daga waje ba sai yau. Bai yi dariya ba, bai kuma nemi mai maganar ba. Ya dawo da hannunsa ciki, ya ajiye wayar, ya zo ya tsaya a gaban Raƙumi yana kallon hawayen da ke bin kuncinsa. Ya sa babban yatsa ya danna wani wuri inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Raƙumi ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare.

"Nan ne?"

"Nan ne, Malam."

"Nawa ma daga nan ya fara," in ji Malam, ba da ƙarfi ba.

Ya daka wa ajin tsawa kowa ya koma kan takardarsa. Sannan ya kai Raƙumi teburinsa na gaba, ya juya masa kujera ta yadda fuskarsa za ta kalli allo, wanda babu komai a kansa sai ƙurar alli. Ya ajiye masa takardarsa, ya ce ga allo nan ya kwafi duk abin da ya ga dama, lokacin da aka ɓata kuma ba za a rama masa ba.

Nan fa Raƙumi ya tsinci kansa inda bai taɓa zama ba, shi kaɗai da abin da ke cikin kansa. Kuma a cikin kan akwai amsar Ƙamus, tana zaune daram. Ya sake lissafa tambaya ta farko, tasa ta sake fitowa. Duk mai hankali ya san in aka sami saɓani tsakanin Ƙamus da Raƙumi, ba a buƙatar alƙali. Ya kuma ƙware wajen murɗa lissafi ya kai shi ga amsar da aka riga aka sani, aikinsa ke nan na shekaru. Babu mai gani, Malam ma ya juya ya fuskanci wancan bangon. Biro ya tsaya a kan layi biyun da ya ja. Sai warin man zafi ya taso masa daga kwalar riga, ya tuna yawan sannun da ya ci bai biya da komai ba. Ya ji in ya canza lambar nan, makonnin da ya yi a kife a bayan kwaba sun zama irin sauran shekarun ke nan. Ya bar ta yadda take, ya juya shafi, yana jin haushin kansa.

Sauran tambayoyin wasu sun san shi, wasu ba su taɓa ganinsa ba. Akwai wadda ya kusa haƙura da ita, sai ya tuna shafin da yatsan mai baƙin farce ya rufe rabin kalma, dabarar tana nan kusa da farcen, ya ɗauko ta. Yana cikin ta ƙarshe aka ce a ɗaga biro.

A waje ɗalibai suka yanyame Ƙamus suna gwada amsoshi. Tata ce daidai, mana. Shi ya manta ya cire ɗaya a wani wuri, abin da ko a barci aka tashe shi jiya zai faɗa. Ya shiga bas yana tsine wa gaskiya da duk wanda ya ce tana da riba, fuskarsa a kan wata tsohuwa da ta yi ta gyara mayafi har ta sauka.

Wuyan bai saki ba sai da Yaya ta ja shi wurin masu gashin ƙashi a asibiti. Suka murza, suka ja, suka koya masa ya riƙa mayar da haɓa baya kamar kaza ta ga abin mamaki, ya riƙa ɗaga waya daidai ido, ya riƙa tashi yana miƙewa. Matar da ta duba shi ta ce irinsa take gani kullum daga jami'a, wuyan tsofaffi a jikin yara. Yaya ta kawo masa doguwar caja, ta kuma nuna masa inda ake dannawa hoto ya daina juyawa, ta ce wannan shi ne binciken da ya kamata a riƙe shi ya yi.

Sakamako ya fito wata rana da hantsi. Ya ɗaga wayar daidai ido, ya duba. Ya ci, da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi, irin wanda ba a nuna wa surukai. Da ƙyar na sha dai ya fi da ƙyar aka kama ni. Ya daɗe yana kallon ɗan makin nan, mummuna, tsamurarre, amma babu hannun kowa a cikinsa.

Ya fito falo. Mama tana kan keke tana kalmasa bakin wani zane, babu baƙi. Ya zauna a ƙasa ya ce ya gama makaranta. Ta yi hamdala, ta sa masa albarka, ƙafarta ba ta bar taka keken ba. Sai ya ji ba zai iya tsayawa a nan ba. Ya fara gaya mata cewa babu wani bincike, faɗuwa ya yi, har sau biyu, kuma wuyan nan da take ta yi wa sannu ba karatu ne ya lanƙwasa shi ba.

"Na sani," in ji Mama.

Keken ya tsaya. Ta ciji zare ta tsinke shi.

"A bakin ƙofar nan nake wuni, Auta. Mai karatu ba ya dariya shi kaɗai har kafaɗa tana rawa. Kwanakin baya ne kawai na ji ɗakin ya yi shiru, na leƙa na ga bakinka yana motsi."

"To me ya sa kike gaya wa mutane karatu ne?"

"Me kake so in ce musu?" Ta gyara zanen a ƙarƙashin allura. "Faɗa nake yi, ko Allah zai sa wata rana ya zama gaskiya."

Kunyar da man zafi ya yi shekaru yana dannewa ta taso masa gaba ɗaya. Mama ta miƙa hannu ta ɗauko gwangwanin a kan keke, ta ce ya matso. Da yake yanzu kansa a ɗage yake, sai ya ga abin da yake gabansa tun yana yaro bai taɓa gani ba. Kanta ya zarce gaba ya fi nasa, tudun da ke ƙeyarta ya ninka nasa, kuma da za ta ɗauko gwangwanin ba wuya ta juya ba, gaba ɗayanta ta juya.

Ya karɓi gwangwanin daga hannunta ya zagaya bayan kujerar. Ta ce mene ne haka, ya bari, tana da ɗinkin mutane. Ya lakato man ya ɗora yatsa inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Wurin ya yi tauri kamar katako. Ya danna a hankali, ya ji ta ja numfashi ta cikin haƙora.

"Nan ne, Mama?"

Ta sauke ƙafarta daga kan keken.

"Nan ne," ta ce.